Tayar da Baba Ya Shafa

Shekarun baya, ba a daɗe da ba mu jiha ba, na yi wa mahaifina wata ƙarya da ban ɗauke ta a bakin komai ba. A kan tayar mota ce. Na san wani a cikinku zai yi dariya ya ce duk ƙaryar da ke duniya a rasa wadda za a yi sai ta taya. Ni ma a lokacin abin dariya na ɗauke ta.

Lokacin nan an dawo da mu daga Yola zuwa Jalingo, mu ma'aikatan da asalinmu na wannan ɓangaren ne. Ofisoshi sababbi, kujeru sun fi mutane yawa, sai ga ni, wanda jiya-jiya yake yawo da fayil a hammata, an ba ni tebur ni kaɗai, har masinja yana ce mini Oga. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Na kama gida a unguwar Sintali, na ce lokaci ya yi da zan ɗauko iyayena daga ƙauye, domin idanun Baba sun kusa mutuwa, ga hawan jini, a can kuma babu likita.

Baba ya ƙi tashi sai da na yi masa alkawari. A wurin mutanenmu namiji ba ya kwanciya a ƙasar wasu. A bayan gidan ubansa ake binne shi, kusa da waɗanda suka haife shi, kuma shigowar coci ba ta taɓa wannan al'adar ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Akawu, zan bi ka. Amma ranar da na mutu, ko da wane wata ne, ka mayar da ni kusa da babana." Akawu yake kirana tun ranar da na fara aikin ofis, rabi tsokana rabi alfahari. Na ce, "Haba Baba, ai wannan ba sai ka faɗa ba."

Da ya ce ko da wane wata ne, ya san abin da yake faɗa. Garinmu yana can gangaren kogin Binuwai, sai ka bar kwalta ka yi ta tafiya a hanyar ƙasa. Da rani ko mai keke yana zuwa. Da damina kuwa abu biyu ne. Akwai wata fadama mai baƙar laka, irin wadda take cire wa mutum takalmi ta riƙe. Bayanta kuma, gab da gari, akwai rafi wanda ba shi da gada. Da safe za ka haye shi ruwa iya ƙauri, amma in aka yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu sai ya cika ya yi kwana uku ba mai kusantarsa.

Saboda hanyar nan na sayi wata tsohuwar jif mai fowil, wato mai jan ƙafa huɗu, a gwanjon motoci. Injinta lafiya lau, amma tayoyin sun zama sanƙo har zare ya fito.

Baba tsohon direba ne. Ya yi shekaru yana jan babbar mota daga Yola zuwa kan dutsen Mambila, tun zamanin da fasinja ke yafe wa iyalinsa kafin a hau dutsen. Da ya ji zan sayi taya sai ya ce a miƙo masa sandarsa. Muka tafi wurin wani mai taya a unguwar Barade, ina riƙe da hannunsa. Ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa, amma da mai shagon ya zaunar da shi a kan benci ya fara mirgino tayoyi gabansa, sai na ga kamar an rage masa shekara ashirin.

Ta farko mai faɗi ce, baƙa wuluk, da farin rubutu a gefe. Tun daga nesa ta shiga raina. Baba ya shafa ta sau ɗaya ya ture.

"Wannan na zuwa biki ne," in ji shi.

Mai taya ya ce, "Baba, shi ne manya suna sawa yanzu fa."

"Manya ba su zuwa garinmu. Kawo wani."

Aka mirgino wata siririya, mummuna, da manyan haƙora kamar ta tarakta. Baba ya bi ta da hannu biyu a hankali, sannan ya ce, "Kawo yatsanka, Akawu." Ya kama babban yatsana ya cusa tsakanin haƙori da haƙori.

"Ka ji ya shige har yana wasa? Nan laka yake shiga. Taya ya juya, ya watsar da shi waje, haƙori ya fito fes ya sake cizo. Wancan mai faɗin, zanensa ƙanana ne, laka ya cika shi sau ɗaya ya zama sabulu. Kuma faɗi ba ya taimakonka a irin ƙasarmu. Siriri kake so, wanda zai yanka ya sauka har ya taɓa ƙasa mai ƙarfi." Ya ja hannuna zuwa kafaɗar tayar. "Waɗannan haƙoran na gefe, su ne za su fid da kai in ka faɗa sawun babbar mota. Ka sayi biyar, duk iri ɗaya, har da safaya. Laifinsa ɗaya ne kawai. A kan kwalta zai yi ta kuka, wuuu, kamar ƙudan zuma ya shiga motar. Ka haƙura da kukan, haka irinsa yake."

Mai taya ya ware guda biyar ya jingina a bango. Muka yi da shi gobe zan kawo motar a saka.

Washegari ban tafi ni kaɗai ba. Na biya ta unguwar Majidaɗi na ɗauki abokina, wanda muke ofis ɗaya, mutum ne mai son gayu da baki mai kaifi. Yana ganin tayoyin da aka jingina ya riƙe ciki yana dariya.

"Wai gona za ka buɗe a sakatariya? Ranar da ka shigo da waɗannan, mai gadi zai tare ka a ƙofa ya ce taki a baya ake saukewa."

Na ce Baba ne ya zaɓa.

"Baba zamaninsa daban. Kai fa yanzu oga ne. Sau nawa kake zuwa ƙauye a shekara? Dubi waɗancan masu farin rubutu, kai ma ka san su ne suka dace da kai."

Na kuwa sani, domin tun jiya nake satar kallonsu. Ba kuɗi ne ya hana ni ba, farashin kusan ɗaya ne. Da kuɗi ne da yau ina da abin fakewa. Dariyar mai gadi kawai na ji tsoro, dariyar da ba a ma yi ba tukuna. Na ce a saka mini masu faɗin guda huɗu, mai haƙora ɗaya kuma a ɗaura ta a ƙofar baya a matsayin safaya.

Mai taya ya tsaya yana kallona. "Oga, Baba ya riga ya zaɓa fa."

Na ce, "Motar Baba ce ko tawa?"

Ya ce, "Naka ne, Oga," ya ɗauki sifana ya sunkuya. Ni kuwa na gaya wa kaina ai rani ne, Janairu muke, damina da sauranta. Zan yi 'yan watanni ina jin daɗin waɗannan, kafin ruwa ya sauka in dawo in canza.

Da na iso gida da baya na shiga da motar, har ƙofar bayanta ta zo daidai inda Baba yake zama a gindin mangwaro. Na kamo hannunsa na ɗora a kan safayar. Ya cusa yatsa tsakanin haƙoran, fuskarsa ta washe. Sai ya fara lalube zai sunkuya ya taɓa na ƙasa.

"Baba, kar ka sunkuya, jiri zai ɗebe ka. Duk iri ɗaya ne, biyar cif."

Ya miƙe, ya bubbuga tayar kamar yadda ake bubbuga bayan yaro. "Madalla. Yanzu ko a tsakiyar Agusta na tafi, na san gida zan kwana."

Mahaifiyata tana bakin ƙofa tana tsintar wake. Ita idonta garau. Ta dubi tayoyin ƙasa, ta dubi ta bayan, ta dube ni, sannan ta ci gaba da tsintar wakenta.

Gari kuwa ya yaba. Duk inda na ajiye motar sai an zagaya an duba farin rubutun nan. Ranar Asabar da kaina nake wanke shi da burushi, ni da ko takalmina ba na gogewa. Ruwan farko ya sauka, na ce wata mai zuwa. Wata mai zuwa ya zo, na ce bari in gama wani aiki. Duk sati biyu ina kai Baba asibiti a duba jininsa. Yakan zauna a gaba, ya sauke gilashi, ya karkata kai wajen taga. Wata rana muna dawowa ya ce, "Motar nan ba ya da hayaniya, Akawu."

Na ce, "Ai na sa an gyara salansa, Baba."

Ya ce, "To."

Har daɗi na ji, wai ya yabi motata.

A cikin Agusta ya rasu, ranar Talata da la'asar, a kan kujerarsa, bayan ya sha kunu. Ba ciwo, ba kwanciya. Kafin magariba gidan ya cika da 'yan cocinmu da maƙwabta. Kafinta ya fara haɗa akwati, aka tura mai babur ƙauye ya ce a fara haƙa kabari kusa da na kakana. A lokacin ajiye gawa ba abu ne mai sauƙi ga irinmu ba, don haka aka tsayar da asuba za mu tashi.

Na tuna da tayoyin. Ba zan ce na manta ba. A yammacin nan shagon Barade bai rufe ba tukuna, tafiyar minti goma ce. Amma tsakar gida cike take da mutane, kowa ni yake wa ta'aziyya. In na fita da mota na dawo da wasu tayoyi, za a tambaye ni dalili, kuma dalilin ba zai faɗu ba. Na ce wa kaina kwana uku ke nan ba a yi ruwa ba, kuma ai fowil ce.

Da asuba aka cire kujerun baya aka saka akwatin. Ni ne na rufe ƙofar, safayar nan tana daidai fuskata. Mahaifiyata ta zauna a gaba. A baya akwai ƙanin mahaifina, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, da dattawan coci biyu, suna riƙe da akwatin kada ya rinƙa bugun jikin mota.

A kan kwalta motar ta tafi sumul, ba ka jin komai sai shessheƙar mahaifiyata. Muka sauka hanyar ƙasa, nan ma ba laifi. Wajen ƙarfe goma na safe muka iso fadamar. Tsawonta bai wuce filin ƙwallo biyu ba, ana hango busasshiyar ƙasa a wancan gefen. Na saka fowil, na saka ƙaramar giya, na shiga.

Ban kai rabi ba na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Motar ta zame a hankali ta gefe, ta faɗa cikin sawun da wata babbar mota ta bari, cikinta ya zauna a kan laka. Na taka mai, ƙafafu huɗu duk suna juyawa, motar ba ta motsa ba. Na sauko, laka ta kama ni har gwiwa. Da na dubi tayoyin, babu zane ko ɗaya, babu farin rubutu. Sun zama sulɓi, baƙi ƙirin, daidai yadda ya faɗa a kan bencin nan.

Ba mu yi rabin awa ba sai ga wata akori-kura ta taho daga baya, ɗauke da buhunan gishiri da jarkokin kananzir. Tayoyinta sirara, masu haƙora. Direban ya tsaya a bakin fadama ya tako wurinmu. Da ya hango akwatin ya cire hula.

"Sannunku. Allah ya ba da haƙuri." Sai idonsa ya sauka ƙasa. "Kai, Oga, wa ya ba ka shawara ka shigo nan da wannan taya? Wannan ai takalmin ofis ne."

Na ji Baba Ƙarami ya juyo yana kallona. Na ce wa direban ya taimaka ya ja mu. Ya ɗaura igiyarsa, ya ja sau ɗaya, ta tsinke. Ya dawo yana goge hannu, ya nuna wajen duwatsu, inda hadari ya fara haɗuwa.

"Oga, ga shawara. Ta garinku nake wucewa. A sauke gishiri kaɗan a ɗora Baba, Mama ya shiga gaba. Yanzu rafi ƙasa yake, sha biyu mun haye. In wancan hadari ya sauka, ba ruwana fa."

Da na ce to, da wannan labarin bai kai a ba da shi ba. Amma kalmar takalmin ofis tana ta yi mini zafi a kunne. Na ce, "Ubana ba zai shiga garinsu a kan buhun gishiri ba. Ni na yi masa alkawari, ni zan kai shi. Minti goma mun fita."

Baba Ƙarami ya ce, "Kai ne ɗa, kai ne mai mota. Ka tabbata?"

Na ce na tabbata.

Direban ya mayar da hularsa, ya koma motarsa. Muna tsaye ya bi ta gefenmu, tayoyinsa suna cilla curin laka sama har ya fi rufin mota tsayi. Ko tsayawa bai yi ba. Ina kallo ya hau busasshiyar ƙasa ya ɓace cikin dawa.

Minti goma ya zama awa shida. Muka sare rassa muka cusa, laka ta haɗiye. Muka kwaso duwatsu, ta haɗiye. Akwai wani ɗan ƙauye a gaba kaɗan, tsakanin fadamar da rafin. Jauronsu, wato mai garin, wani dogon dattijo Bafulatani, ya zo da mazajen garin da fartanya da shebur. Suka ce a sauke akwatin don motar ta yi sauƙi. Aka ɗauke shi a kafaɗa aka kai gindin wata bishiya. Mahaifiyata ta zauna kusa da shi a ƙasa, tana korar ƙuda da bakin zaninta.

Wajen ƙarfe biyu na ce a kwance safayar a saka a baya. Baba Ƙarami ne ya taya ni sauke ta. Ya dubi haƙoranta, ya dubi sauran huɗun.

"Wannan ne yayana ya zaɓa?"

Na juya na je ɗauko jak.

Da ƙyar muka kafa jak a kan kututture muka saka ta. Na tayar da mota. Sai na ji ta ciji ƙasa, tana watsa laka, motar ta yi gaba kamar tsawon hannu ɗaya, sannan sauran ukun suka ci gaba da juyawa a banza, ta sake zama. Taya ɗaya ta nuna mini abin da huɗu za su yi. A nan ne na kifa kai a kan sitiyari na fara kuka, kukan da ban yi ba tun da ya rasu, mutane suna zaton na maraici ne.

Sai bayan la'asar mazajen nan suka ciccibi motar da ƙarfin tsiya suka fitar da ita. Lokacin ruwa ya daɗe da sauka a kan duwatsu, har ya fara zuba a kanmu. Aka mayar da akwatin, na ja da sauri zuwa rafi.

Tun kafin mu gan shi muka ji ƙugin sa. Ya cika har ya hau gonaki, ja wur, yana tafe da itatuwa da saiwoyinsu. Sawun akori-kurar nan yana nan a bakin gaɓa, ya shiga ruwa ya ɓace. A wancan gefen ga mutanen garinmu tsaye cikin ruwan sama, sun fito taryarmu. Na gane wasu daga tsayuwarsu. Suna ɗaga hannu, muna ɗaga hannu, ba mai jin muryar wani. Daga nan zuwa bayan gidan kakana ba ta kai tafiyar awa ɗaya a ƙafa ba.

Jauro ya ba mu masauki. Aka ajiye akwatin a wata rumfa. Da gari ya waye ranar Alhamis na ruga bakin rafi, na tarar ya ƙaru, sama kuma ta sake haɗe rai. Kafin azahar ba wanda yake iya tsayawa kusa da rumfar nan. Ba zan yi muku bayani ba. Wanda ya taɓa zama da gawar kwana biyu cikin zafin damina ya sani, wanda bai sani ba kuma Allah ya sa kada ya sani. Mahaifiyata ce kaɗai ba ta matsa ba.

Jauro ya kira ni gefe, da ni da Baba Ƙarami. Ya ce, "Ɗana, ruwan nan tun ina yaro na san shi. Sai jibi ko gata. Baban nan ya gaji. Ƙasa duk na Allah ne. Ga gefen gonata, ku zaɓi inda kuna so."

Na ce ba zai yiwu ba. Na ɗauki ragowar igiyar nan na nufi rafi, wai zan haye in ɗaura a wancan gefen mu ja akwatin. Taku uku na yi ruwa ya kai mini ƙirji, ƙafafuna suka bar ƙasa, sai da wani ya cafko rigata. Ashe mahaifiyata ta biyo mu. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Ka fito! Ba zan binne mutum biyu ba. Ka fito na ce!"

Mazajen Jauro ne suka haƙa kabarin, a gefen gonar dawa, gindin wata ɗorawa. Musulmi ne dukansu. Da dattijon cocinmu ya buɗe littafi ya fara addu'a, suka ja gefe suka tsaya shiru har aka gama, sannan suka dawo suka taya mu mayar da ƙasa. A can gida kuma kabarin da aka haƙa kusa da na kakana ya cika da ruwan sama. Daga baya suka mayar da ƙasarsa. Har yau wurin a lotse yake.

Da muka dawo Sintali ba wanda ya ɗora mini laifi. Kowa ya zo sai ya ce ruwa ne, ikon Allah ne, ka yi iya ƙoƙarinka. Abokina ma ya zo ya faɗi haka, da zuciya ɗaya. Duk wanda ya faɗa sai in ji kamar ya ƙara mini dutse a ƙirji. Baba Ƙarami kuwa har ya koma ga Allah bai ƙara kirana da sunana ba, sai dai ya ce mai mota.

Da rani ya shigo na koma Barade. Mai taya ya yi mini ta'aziyya, ya shiga ciki ya mirgino guda huɗu masu haƙora. Ina hawa kwalta suka fara, wuuu, har cikin haƙoran bakina nake jin su. Da haka na shiga gida. Mahaifiyata tana bakin ƙofa, ta ɗago kai tun kafin in shigo layinmu.

Na durƙusa gabanta na ce, "Mama, na canza tayoyin. Hanya ta bushe, rafi ya janye. Ina so in je in roƙi Jauro, mu tono Baba mu kai shi gida."

Ta ce in zauna. Na zauna a ƙasa.

"Wanda ya kwanta ba a tashinsa," in ji ta. "Ya sha wahala sau ɗaya a hanyar nan, ya isa. Kai ne kana neman sauƙi, ba shi ba."

Na ce, "Mama, akwai abin da ba ku sani ba. Na yi wa Baba ƙarya."

"Ni ina da ido, na gani tun ranar. Shi kuma yana da kunne." Ta gyara zama. "Tun zuwanku asibiti na farko ya dawo ya ce mini, tayan nan ba ya kuka, yaron nan bai sa abin da na zaɓa ba. Na ce bari in yi masa magana. Ya ce a'a, kar ki ba shi kunya, yanzu babban mutum ne a ofis. Yaro ne mai hankali, yana so ya ɗan yi gayu ne, kafin ruwa ya sauka zai canza da kansa. Ya ce, Akawu ba zai bar ni a hanya ba."

Na kasa ɗaga kai.

"Duk ranar da kuka dawo daga asibiti, in ka shiga ɗaki, sai in kawo masa ruwa. Sai ya karɓa ya ce mini, yau ma shiru. Har satin da ya tafi. Shi ya sa yake sauke gilashi."

Wata bakwai yana karkata kai wajen taga yana jira. Ni kuma ina zaton iska yake sha.

Yanzu na wuce shekarun da mai shagon tayar nan yake da su a lokacin, kuma na daɗe da daina neman wanda zan raba laifin da shi. Abokina dariya kawai ya yi. Da na tuna masa bayan shekaru, ya rantse bai tuna ya taɓa faɗin haka ba, kuma na yarda da shi. Mai gadin da na ji tsoro ban ma san ko ya taɓa kallon ƙafar motata ba. Duk mutanen da na yi wa gayun nan babu ɗaya da ya riƙe abin a ransa. Mutum ɗaya ne ya damu da irin tayar da ke ƙarƙashina, shi ne kuma na ɗora wa hannu a kan safaya. Sau uku aka buɗe mini ƙofa, a Barade, da yammacin da ya rasu, da bakin fadama, kuma duk sau ukun abu ɗaya ne ya hana ni, kada a gane na yi kuskure. Har yau in na ji kaina ina cewa wata mai zuwa zan gyara, gabana faɗuwa yake yi.

Na canza motoci tun daga lokacin, amma ban sake saka wata irin taya ba. In zan saya, yatsana nake cusawa tsakanin haƙoran, masu shago suna kallona kamar wani tsohon ƙauye. 'Ya'yana suna ƙorafi wai motata ta cika ƙara, ba a jin rediyo. Ni ba na ma kunna shi.

Duk Agusta ina zuwa inda Baba yake kwance. Jauro ya rasu, 'ya'yansa ne ke nome ciyawar gindin ɗorawar, ba su taɓa bari ta rufe kabarin ba. Fadamar da ta cinye mana yini guda, yanzu kafin in gama addu'a ɗaya na fita daga cikinta. Tun daga Sintali tayoyin suke kuka, wuuu, duk tsawon kwalta, irin kukan da ya yi wata bakwai yana saurare. Sai dai inda yake kwance babu kwalta. Ina sauka hanyar ƙasa kukan yake yankewa, in yi ta tafiya har in tsaya a gefen gonar, in sauke gilashi. Yau ma shiru.